Takalmin sefti: wanne za a cire yau, wanne zai iya jira?

Ɗan Kwangila:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kayan kariya. Ma'aikata 9 ne a wurin ginin da nake kula da shi: magina, masu ɗaurin rodi da leburori. An raba musu takalmin sefti wata 10 da suka wuce, duk iri ɗaya, na baƙar fata mai igiya. Yanzu na mutum uku fatar baki ta cinye har ƙarfen da ke kare yatsu ya leƙo. Ɗaya ya buɗe baki ta gefen babban yatsa, ruwa na shiga. Ɗaya kuma bulo mai inci 9 ya faɗo masa daga kan sikafol, Allah ya kiyaye ƙafar ba ta yi komai ba, takalmin ma a ido lafiyarsa lau. Sauran ƙasansu ya fara suɗewa amma ana takawa.

Kuɗi ba za su isa a canza duka a lokaci guda ba. Wanne ne dole a cire yanzu, wanne zai iya jira? Wanda ya buɗe baki, in an kai wa shumeka ya ɗinke, ya wadatar? Sannan akwai na mutum huɗu sababbi fil a kwali tun wani aiki na shekarun baya, ba a taɓa sa su ba. A raba su?

Injiniyan Sait:

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ka ce lafiyarsa lau ɗin nan, da shi za ka fara.

Duk takalmin da ke ɗauke da lambar EN ISO 20345 a harshensa, an gwada ƙarfen bakinsa a kan bugu na jul 200, wato kamar a saki abu mai kilo 20 daga tsayin mita 1, da kuma danni na kusan tan 1.5. Bulo mai inci 9 yana kai kilo 20, wani ma ya ɗara, sikafol kuwa ya fi mita 1. Ka ga ke nan wannan ƙarfen ya riga ya karɓi abin da aka yi shi dominsa, wataƙila har da ƙari. Gwajin na bugu ɗaya ne, ba a yi maka alkawarin na biyu ba.

In kana son gani da idonka, zare shimfiɗar ciki, ka haska tocilan waya, ka zura hannu ka shafa rufin ƙarfen daga ciki, sannan ka shafa na ɗaya ƙafar ka kwatanta. Ka jera su a kan tebur, ka durƙusa ka kalle su ta gaba. Sau da yawa za ka ga ɗaya ya fi ɗan'uwansa kwanciya, ko gefen ƙarfen na baya, wanda ke bisa tushen yatsu, ya lanƙwaso ƙasa. Wannan sararin da ke tsakanin ƙarfe da yatsa shi ne kariyar gaba ɗaya. In ya ragu, bugu na gaba a kan ƙashi zai sauka.

Ka kuma ɗora mayen ƙarfe a bakin, ko na tsohuwar lasifika ne. In bai kama ba, to ba ƙarfe ba ne, ko dai alminiyam ne ko kuma irin robar nan mai tauri da ake haɗawa da zaren gilas. Ita wannan ta fi yaudara, domin tana iya tsagewa ta ciki ta koma siffarta kamar ba abin da ya faru. Ko wanne ne dai, a cire shi.

Na biyu, mai buɗaɗɗen baki. Ma'aunin da ake bi shi ne: in rabuwar fata da sol ta wuce milimita 15 a tsawo da milimita 5 a zurfi, takalmin ya fita daga layi. Tunda har ruwa na shiga, ya wuce nan da nisa. Haɗarinsa ba jiƙewar safa ba ne kawai. Leɓen sol ɗin da ke lilo yana kama wayar ɗauri ko bakin katako, mutum ya yi tuntuɓe yana ɗauke da kaya a sama.

Masu suɗaɗɗen ƙasa kuwa, kada ka yi musu hukunci da ido, ka auna. Haƙoran sol in sun gaza milimita 1.5 a ko'ina, ya gama. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka biyu a haɗe sun ba ka 1.5. Wanke ƙasan takalmin, ka cire tsakuwa da busasshen siminti daga ramukan, ka kwantar da gefen katunan biyu kusa da haƙori. In haƙorin bai kai tsayinsu ba, ka ware shi. Kada ka auna a tsakiyar tafin inda ba ya taɓa ƙasa. Wuri biyu ne ke fara cinyewa: ƙarƙashin tushen babban yatsa, da gefen dunduniya na waje. Ramukan nan su ne hanyar da ruwa da laka ke bi su fita in an taka, kamar dai na tayar mota. In sun shafe, ruwan ya zauna tsakanin sol da ƙasa, sai santsi.

Ka lanƙwasa takalmin kamar yadda ƙafa ke lanƙwasa shi wajen tafiya, ka duba inda ya karye. Tsagar da ta wuce milimita 10 a tsawo da milimita 3 a zurfi ta isa dalili. Ka kuma ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya: in ya karkace gefe guda, haka yake karkatar da idon sawun mai shi duk wuni. Abu na ƙarshe, ɗan matakin da ke gaban dunduniya, wanda ke kama sandar tsani. In ya shafe ya zama sumul, mai wannan takalmin kada ya hau tsani.

Masu ƙarfe a waje, su zan sa a layi na uku.

Tsohon Baduku:

Injiniya ya gama maganar awo. Bari in taɓa ɓangaren gyara da na cikin kwali.

Malam Ɗan Kwangila, juya takalmin ka duba yadda aka haɗa sol da fata. Mafi yawan sefti da ke kasuwa ba ɗinki aka yi musu ba, ba kuma gam ba. Narkakkiyar roba aka zuba a ma'auni, wato mazubin da ke ba sol siffarsa, ta kama fatar kai tsaye. Za ka gane shi da wani siririn layi da ya ratsa tsakiyar baki da tsakiyar dunduniya, inda ɓangarorin ma'aunin suka haɗu. Irin wannan ba a canza masa sol. Wanda ake iya canza wa shi ne mai ɗinki zagaye ta waje, da ɗan leɓen fata tsakanin sama da ƙasa, kuma ya fi tsada, ba kasafai ake raba wa leburori shi ba.

Ƙaramar ɓaraka, wadda ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba kuma ba a kusa da ƙarfen baki take ba, tana gyaruwa. A wanke, a bari ya bushe sarai, a goge ɓangarorin biyu da samfefa, a shafa gam ɗin takalmi siriri a kowanne, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, a haɗa a bubbuga da guduma, a ɗaure, a bar shi kwana guda. Abin da ke ɓata aikin shi ne gaggawa: a shafa gam a kan ƙurar siminti, a haɗa da ɗanyensa, a sa a ƙafa bayan awa ɗaya. Sufa gulu kuma ba na nan ba ne. Yana bushewa ya yi tauri kamar gilas, ya ƙona fatar, taku kaɗan ya tsage, wurin kuma ba zai sake karɓar gam ba.

Amma naka da ya buɗe a gefen babban yatsa, nan ne ƙarfen baki ke zaune. Ƙarfen yana da ɗan leɓe ta ƙasa wanda ke hawa kan sol, fata kuma ta riƙe shi ta sama. In wurin ya saki, abu ya faɗo, ƙarfen na iya gocewa ko ya tuntsura baya ya datse yatsu. Zare ba zai mayar da wannan ƙarfin ba. Ƙari a kan haka, sol ɗin irin na soso ba ya riƙe ɗinki, zaren yana yanka shi a hankali, kowane ramin basilla kuma ƙofar ruwa ce. In takalmin mai shimfiɗar hana ƙusa ne ta zare, mai ɗinki na iya huda ta bai ma sani ba.

Abu biyu da kada a yarda a yi wa sefti ko da kyauta ne: buga masa ƙusa, da liƙa masa robar taya a ƙasa. Ƙusa na bin sol ta fito ciki bayan ya cinye, kuma hanya ce ta wutar lantarki. Taya tana da ƙarko, gaskiya ne, amma ba don takun mutum a kan jiƙaƙƙen tayil ko farantin ƙarfe aka yi ta ba.

Yanzu na kwali. Nan ne mutane ke shan mamaki, domin sefti na iya mutuwa a ajiye ba a taɓa taka shi ba. In sol ɗin PU ne, wato robar nan mara nauyi mai kama da soso, danshin iska yana shiga yana cin sa daga ciki, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Sito mai rufin kwano da ya sha damina da bazara sau da yawa, babu abin da ya fi shi kashe irin wannan. Takalmin da ake sawa kullum ya ma fi jurewa a kan wanda aka rufe a leda. Nemi ranar da aka yi shi: wani lokaci tana rubuce a harshe, wani lokaci a ƙasan sol za ka ga ɗan da'ira kamar fuskar agogo, shekara a tsakiya, kibiya na nuna wata. Sannan ka danna farce da ƙarfi a gefen sol, musamman wajen dunduniya. Mai lafiya zai lotsa ya dawo. Wanda ya mutu zai yi danƙo a hannu, ko ya bar rami, ko ya marmashe kamar busasshen burodi. Ka murɗa shi kamar mai matse wanki, ka duba ko ƙananan tsagogi sun bayyana. In ɗaya ya nuna alama, ka zargi sauran, tunda tare aka yi su, tare suka kwana.

Jami'ar Kariya:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, a yi mini afuwa, ban yarda a bar masu ƙarfe a waje a layi na uku haka kawai ba. Sai an duba waye ke sanye da shi.

In magini ne da ke durƙuso yana jera bulo, fatar ta goge ne a ƙasa, ramin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ƙarfen kuma ba ya motsi in an tura shi da yatsa, to zai iya kai ƙarshen wata, a liƙa masa facin fata a kai. Amma in mai ɗaurin rodi ne, ko wanda ke aiki inda wayoyin janareta da na injin yankan ƙarfe ke kwance a ƙasa, wannan da na bulo duk ɗaya ne a wurina. Tsiraicin ƙarfe a bakin ƙafa kusa da wayar da aka yi wa ɗaurin leda ba abin jira ba ne. Haka in ƙarfen ya fara tsatsa, ko yana ƙwas-ƙwas in an girgiza takalmin.

Tunda an zo maganar wuta: takalman da ke ɗauke da harafin A, da duk masu alamar aji S1, S2 da S3 a harshensu, an yi su ne su riƙa zubar da ɗan cajin da ke taruwa a jikin mutum zuwa ƙasa. Ba takalmin hana jan wuta ba ne. Mutane da yawa na ɗauka duk sefti yana kare su daga lantarki. Masu alamar EH na tsarin Amurka su ne aka gwada a kan bolt 18,000 na minti ɗaya, shi ma a bushe kuma sabo. Da ya jiƙe, ko sol ya cinye, ko ƙusa ta maƙale a ciki, kada a dogara da shi.

Abin da ba a taɓo ba shi ne taka ƙusa, kuma tana yawan kama mutane a wurin gini, musamman ranar da kafintoci suka kwance katakon dakin, wato rufin kankare. Mai alamar P, ko S3, yana da shimfiɗa a cikin sol da aka gwada da ƙarfin da ya kai kusan kilo 110 a kan tsinin ƙusa. A juya kowane takalmi a duba. In an ga ƙusa ko guntun waya a maƙale, a zare da filaya, a cire shimfiɗar ciki, a haska a ga ko ta ɓullo. In ta ɓullo, ya gama. In an ga jan tabon tsatsa a ciki, ruwa ya kai ga farantin ƙarfen da ke cikin sol. In ana jin ƙas-ƙas a tsakiyar tafi lokacin lanƙwasawa, farantin ya karye, kuma karyayyen faranti da kansa yana yanka. Wanda ƙusa ta soke shi kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu a kai shi asibiti ranar, saboda allurar tetanus.

A zura hannu ciki a shafa ko'ina. Shafin dunduniya in ya yage yana cin safa yana kawo bororo, gefen ƙarfe in ya fito ta ciki yana yanka yatsa. Ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasunsu ba sa jin ciwo a tafin ƙafa, sai gyambo ya yi nisa a gani.

Ina kuma zargin abin da ya cinye takalman nan a wata 10 siminti ne. Ɗanyen kankare yana da kaifi sosai, yana tsotse man fata ta bushe ta tsattsage, yana cin zaren ɗinki, in ya shiga ciki ya kwana a safa yana ƙona fatar mutum. Fatar takalmi in tsagarta ta kai rabin kaurinta, a cire takalmin. Ranar zuba dakin a ba masu shiga cikin kankare rambut mai ƙarfen baki da farantin ƙasa, mai alamar S5, su zura wando ta waje. Na fatar kuma a goge su da jiƙaƙƙen tsumma kullum kafin simintin ya bushe, a cusa musu takarda su sha iska a inuwa. Kada a jingina su da salansar janareta ko bakin wuta. Lokacin hunturu a riƙa shafa musu man takalmi ko sau ɗaya a mako.

A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin samar da kayan kariya, har da takalmi, ga masu aiki cikin jiƙa ko abin da ke cutarwa, da kuma kula da su. Kai ma, kuɗin canji a sa shi cikin lissafin kwangila tun farko. Ka rubuta ranar rabo da alƙalamin maka a cikin harshen kowane takalmi, ranar biyan kuɗin mako kowa ya juya nasa a duba. Minti biyu ya isa mutum ɗaya.

Ɗan Kwangila:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba. Na bulo ya kwanta kaɗan ta ciki kamar yadda Injiniya ya ce. Cikin masu ƙarfe a waje, biyu na masu rodi ne. Na kwali kuwa an rubuta S1, da'irar na nuna 19, wato 2019, kuma ɗaya ya bar gari a farcena. Waɗanda ake sawa yanzu S1P ne. Ke nan na mutum huɗu zan saya nan take. Wani ya ce in je gwanjo, akwai na Turai masu kyau a rabin kuɗi. Me kuka gani?

Injiniyan Sait:

Hajiya ta yi gaskiya a kan masu rodi, na karɓi gyara.

Na kwali ka manta da su. Sun haura shekara 5, sol ya fara marmashewa, kuma ko da lafiyarsu ƙalau S1 ba shi da abin hana ƙusa, na cikin masana'anta ne mai busasshen daɓe. Ka nemi S3: ƙarfen baki, shimfiɗar hana ƙusa, fatar da ba ta saurin shan ruwa, da sol mai haƙora. Ka duba alamar santsi, SRC a tsohon tsari, SR a na 2022. In akwai mai ƙarin roba a kan baki, shi za ka ɗaukar wa masu durƙuso. Lambobin su kasance a ɗinke ko a buge a jikin takalmin tare da saiz da ranar yi, ba a kwali kaɗai ba. Ka matsa bakin da manyan yatsunka biyu, ka ɗora mayen ƙarfe a baki da tafi. Wanda aka ce ƙarfe ne amma ya lotsa a hannu, ajiye shi.

Tsohon Baduku:

Gwanjo dai, Malam, ba ka san abin da ya faɗo masa a can ba, kuma ba ka san dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi ba. Fatar kan yi kyau bayan an sha ta da mai, amma yawancinsu sol ɗin PU ne da ya tsufa, ya kuma kwana a dila cikin zafi. Shi ne wanda ake saya yau, jibi dunduniya ta zube a hanya. In babu yadda za a yi, a ɗauki mai sol ɗin roba zalla, mai nauyi, wanda ranar yinsa ke karantuwa, a yi masa duk gwajin da aka lissafa a sama, kuma kada a ba wanda ke aiki ƙarƙashin sikafol.

Wajen sayen sabo, kowa ya gwada nasa da kansa, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da yake aiki da ita. A bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin dogon yatsa da ƙarfe. Fata tana saki, ƙarfe ba ya saki, saboda haka wanda ya matsa yau haka zai matsa har ya mutu, mai shi kuma zai koma silifas da ka juya baya. A canza ƙafa biyu tare, kada a haɗa sabo da tsoho, tsayin dunduniyarsu ba ɗaya ba ne. Waɗanda aka cire kuma, har da na kwalin, a sa wuƙa a tsaga fatar daga wuya zuwa baki kafin a zubar, in ba haka ba wani zai tsince su ya goge ya kai kasuwa.